Fiyus Mai Kauri, Daga Kwaciri Zuwa Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram mutane ba su bar ni na sha ruwa ba. A masallaci, a teburin mai shayi, har a Kantin Kwari in na je gyara, tambayar ɗaya ce: "Sani Waya, yaya Nijar? Da gaske ne wutarsu ba ta ɗaukewa?" Da farko sai in ce lafiya lau, in wuce. Yanzu wata huɗu ke nan, maganar ta daina yi mini nauyi a baki ko da ba ta daina a zuciya ba, don haka bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Mai jiran labari mai daɗi ya nemi wani matafiyin.

Ni mai aikin wayarin ne. A Kwaciri aka haife ni, shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a, kuma a hannu na koya, ban yi makarantarta ba. Taransfoma ɗaya ce ke riƙe da layinmu, tun daga gidajen unguwa har shagunan da suka miƙe wajen Sabon Gari. Uku muka binne. Ta huɗu ta zo ne bayan mun yi wata bakwai a duhu, kuma ma'aikacin da ya sauke ta ya faɗa a gaban kowa cewa in wannan ta ƙone kada mu sa rai da wata nan kusa.

A ƙarshen layin abokina Emeka yake da ɗakin sanyi na kifi. A Sabon Gari aka haife shi, tare muka buga ƙwallo muna yara, Hausarsa kuwa in ka jiyo ta ta bayan katanga sai ka rantse ɗan Fagge ne. Wata bakwai ɗin nan sun cinye shi, dizal ya tafi da ribarsa da rabin jarinsa. Ranar da aka kunna sabuwar ya dafa kafaɗata ya ce, "Sani, in wannan ta mutu na bar Kano. Ba fushi ba ne, ba zan iya ba ne." Na san shi, ba ya irin wannan maganar da wasa.

Abin da ya sa ake ce mini Sani Waya shi ne ɗaurin fiyus. Fiyus wata siririyar waya ce a akwatin da ke gindin taransfoma, guda uku, ɗaya ga kowane layin wuta: ja, rawaya, shuɗi. In kayan wutar da aka kunna suka yi yawa sai ta tsinke, layin ya mutu. Mu dai abin da muka taso muka tarar shi ne, da gangan 'yan wuta suke sa siririya, don ta riƙa tsinkewa ana kiransu ana ba su na goro. To ni sai in murɗe wayar tagulla uku wuri guda in ɗaura. Tawa ba ta tsinkewa. Mata suna sa mini albarka, mai unguwa ma ya taɓa yabona a wurin suna, na yi kwana biyu kaina bai shiga hula ba.

Dalilin tafiyar kuwa biki ne. Issufu ɗan kawuna, wanda yake zaune a Damagaram, zai aurar da babban ɗansa. Shi Issufu yana sarin kifi wurin Emeka, don haka ya ce lalle mu zo tare. Emeka ya ce shekararsa arba'in da shida bai taɓa ƙetare iyaka ba, wannan karon sai ya gani da idonsa. Muka tashi farkon bazara, ranar Laraba.

A tashar Ƙofar Ruwa muka shiga mota. Direba ya rantse saura mutum ɗaya, mutum ɗayan nan muka jira daga bakwai na safe har goma da rabi. Emeka ya taho da gudummawar biki, kula babba cike da kifi da ƙanƙara, aka cusa ta a bayan kujerarmu aka ɗora mata kayan mutane. Kafin Kazaure na ji ƙafata ta jiƙe. Kafin Daura ruwan kifi ya gangara ya sami jakar wata Hajiya mai sarin atamfa, wadda tun daga tasha take faɗa mana turmi nawa ta saya da wahalar da ta sha a Kwari.

Ta ɗaga jakar ta shinshina, ta ce, "Na shiga uku! Wane marar tsoron Allah ne ya zo da kogi cikin mota?"

Emeka ya juya ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, laifina ne. Amma kifin mai kyau ne, atamfar ma ta samu rabonta."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗan nan, wa ya koya maka baki haka?"

"Irinku ne, Hajiya. A hannunku muka girma."

Dariya ta ƙwace mata ba ta shirya ba. A Daura muka sauke kayan, aka shanya turame biyu a kan mota, Emeka ya sayo ƙanƙara sabuwa, ya ba ta kifi uku a leda. Daga nan har iyaka ɗana take ce masa, ni kuwa da ban yi mata komai ba ko kallona ba ta yi.

A Kwangwalam, ɓangarenmu, an tsayar da mu sau nawa ban riƙe ba. Kowane shinge da kalar rigarsa da irin gaisuwarsa, direba ne ke sauka ya dawo yana tsaki. Da muka shiga Ɗan Barto sai abin ya canja salo. Jandarma ya sa kowa ya fito ya tsaya a layi da katin shaidarsa a hannu, babu hira, babu "ranka ya daɗe". Ya karanta katin Emeka, ya dube shi, ya yi masa Faransanci. Emeka ya ce, "Yallaɓai, Hausa ko Turanci, wannan ban iya ba."

"Kai mutumin ina ne?"

"Kano."

"Ban ce ina kake zaune ba. Ina ne garinku?"

"A Kano aka yanke mini cibiya, yallaɓai. Wancan garin da kake nufi sau biyar na taɓa zuwa, kuma duk jana'iza ce ta kai ni."

Jandarman ya miƙa masa katin. Ni ne ma na kusa kwana a wurin, don da aka buɗe jakata aka tarar da filaya, da tasta, da ƙullin wayar tagulla a naɗe cikin hular biki. Ya ce mai zuwa ɗaurin aure me zai yi da waya? Na ce ni ko asibiti zan je da su nake tafiya. Ya ɗaga wayar yana juyawa, ya ce wa na kusa da shi wani abu suka yi dariya, sannan ya jefa mini ita.

Mun shiga Damagaram bayan la'asar. Garin shiru idan ka gwada shi da Fagge, babu mai danna maka oda a ƙeya, 'yan kabu-kabu ma a hankali suke tafiya kamar ba su da iyali. Abin da na fara kallo, da yake ido yana bin sana'a, turakun wuta ne. A layinmu in ka ɗaga kai ba ka ganin sama sai wayoyi, kowane gida ya jawo huɗu, wasu an ɗaure da leda, wasu da tsumma. A unguwar su Issufu waya ɗaya ce baƙa murɗaɗɗiya take bin turaku, kowane gida reshe ɗaya ya shiga. Na ce a raina, talauci ne, ba su da kayan wuta.

Issufu ya sauke mu a ɗakin zaure, katifa biyu da fanka ɗaya. Aka kawo fura mai sanyi wadda ban sha irinta ba tun rasuwar kakata, da dambu, da kilishi. Da safe kuma aka kawo dogon burodin nan nasu mai kamar sanda. Emeka ya gatsa ya riƙe haƙori, ya ce wannan in aka yi faɗa a gida ba sai an nemi taɓarya ba. Shayinsu kuwa a ɗan kofi kamar murfin kwalba, sau uku ake zubawa, kuma in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya. Ni da na saba da kofin mai shayi na titin Ibrahim Taiwo, na shanye nawa a kurɓi ɗaya na zauna ina kallon mutane.

Kada in yi ƙarya, wutarsu tana ɗaukewa. Su kuran suke ce mata. A kwana biyar ɗin da muka yi ta tafi kullum, wani lokaci awa biyu, wani lokaci fiye. Amma ba wanda ya tashi. A wurinmu in wuta ta yi rauni sai ka ji ƙaf-ƙaf gida-gida, kowa ya ruga bango yana cire katawut, wato fiyus ɗin gidansa, daga layin da ya mutu yana mayarwa mai rai. Nan babu katawut uku a bango, don haka babu inda za a ruga. Sai su ɗauki mafici su ci gaba da hira.

Ranar Juma'a da hantsi na yi abin kunyar da har yanzu in na tuna sai na runtse ido. Ina gugar babbar rigata, Emeka ya sa hita a bokiti zai yi wanka da ruwan ɗumi saboda bayansa, ga firizar matar gida tana fama da kifinmu. Sai ƙat, komai ya tsaya. Na leƙa, gidan maƙwabta rediyo na yi. Na bi waya na sami mita, a ƙarƙashinta wani baƙin akwati mai maɓalli, irin wanda muke ce wa bireka, an ɗaure murfinsa da 'yar waya da dalma. Na ce, ga munafukin. Na ɗauko filaya da wayata, niyyata in tsallake shi in haɗa kai tsaye, in yi wa ɗan'uwana alherin da zai riƙa tunawa da ni.

Na sa bakin filaya a dalmar ke nan Issufu ya fito daga cikin gida da gudu, zani a kafaɗa.

"Yaya Sani! Ka rufa mini asiri! Ranar auren ɗana kake so a cire mini mita?"

"Gyara maka zan yi, wannan abin ne yake yanke muku wuta."

"Ai aikinsa ke nan! Cire dutsen gugar."

Na cire. Ya danna maɓallin da ɗan yatsa ɗaya, fanka ta ci gaba da juyawa. Ya ce kowane gida da iyakar abin da ya nema a ba shi, in ka wuce sai akwatin ya kashe gidanka kai kaɗai, unguwa ba ta sani ba. In kana son ƙari ka je ofis ka nema. Na tsaya da filaya a hannu kamar ɓarawon da aka kama da rana. A bakin ƙofa wani tsoho yana zaune a kujerar roba, duk abin nan a idonsa aka yi. Issufu ya ce wannan Baba Lawali ne, maƙwabcinsa, shekara talatin yana hawa turakun wuta kafin ya yi ritaya.

Bayan an shafa fatiha an ci shinkafa, tsohon ya aiko a kira mu. Ya ce in nuna masa wayar da na so ɗaurawa. Na miƙa masa, har da 'yar taƙama, na ba shi labarin layinmu da sunan da ake kirana da shi. Ya murza ta a yatsunsa.

"Wannan kake sa wa taransfoma?"

"Uku nake murɗewa, Baba. Ba ta taɓa tsinkewa ba."

"Taransfoma nawa kuka rasa?"

"Uku. Amma tsofaffi ake kawo mana, man cikinsu ma ba shi da kyau."

"Yaro," ya ce, ni da furfura a gemu, "kai ka kashe su."

Na yi dariya don ban san me zan yi ba. Emeka bai yi ba.

Baba Lawali ya tashi da sandarsa ya ce mu biyo shi. Ya kai mu wurin tasu taransfomar, tana cikin ɗan ɗaki na siminti da ƙofar ƙarfe a kulle. Ya ce in sa kunne. Wani ɗan gurnani ne a hankali, da ƙyar ake ji. Ya ce tamu fa? Na ce tamu bayan magariba daga masallaci ake jin ta, kuma in ka matsa kusa akwai ƙauri. Ya ce to wannan kuka take yi, shekara da shekaru tana gaya muku, ba wanda ya ji.

Ya yi mana bayani a tsaye a rana, ba ya sauri. Ya ce siririyar wayar nan ba rowa ba ce, an auna ta ne daidai ƙarfin taransfoma, don in kaya suka fi ƙarfinta wayar ta mutu ita ta rayu. In ka sa mai kauri, zafin da ya kamata ya cinye wayar sai ya shige ciki, ya dafa mai, ya cinye rufin wayoyin ciki kaɗan-kaɗan, har ranar da za su haɗu. Ya ce layi uku kamar duwatsun murhu ne, in ka janye biyu ka bar tukunya a kan ɗaya ka san abin da zai biyo baya, kuma abin da katawut ɗinmu yake yi ke nan, unguwa guda ta tattaru a layi ɗaya. Ya tambaye ni yaushe aka duba man tamu, ko wayar da ke shiga ƙasa tana nan ko an sace, ko an taɓa auna kayan kowane layi da magariba lokacin da kowa ya kunna nasa. Ko ɗaya ban sani ba.

Emeka ya ce, "Baba, to mene ne maganin?"

"A raba gidaje uku, kowa ya zauna a layinsa, a cire sauran. A mayar da fiyus na gaskiya. Masu manyan injuna su yi karɓa-karɓa, kada su tashi lokaci ɗaya. In duk da haka tana tsinkewa, to kun fi ƙarfinta, ku nemi ta biyu, kafin ta zo kuma ku yi haƙuri da duhun awa biyu." Ya dube ni. "Mu ma nan ba waliyyai ba ne, yaran yanzu sun fara koyon satar kuran. Amma har yau in fiyus ya tsinke muna tambaya me ya tsinka shi. Ku kuna tambaya wa zai ɗaure."

A hanyar dawowa, har Matamaye maganar tsohon nake juyawa a raina. Abin da ke cina shi ne ba sabon abu ya faɗa mini ba. Wani ɓangare na kaina ya daɗe da sani, tun ranar da na taɓa jikin ta biyun na ji kamar tukunyar tuwo. Amma yabo yana da daɗi, kuma zagin 'yan wuta ya fi sauƙi. Na tuna wata bakwai na duhu, da masu ɗinkin da suka rufe shago, da tsohuwar da zafi ya kwantar a gidan wani ɗan layinmu, Malam Bala, da jarin Emeka. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Emeka ya lura, ya ce, "Bar shi, Sani. Sau nawa ni da kaina na zo na tashe ka ka ɗaure? Yanzu mun sani. Mu je mu gyara." A lokacin na yarda za a iya.

Washegarin dawowarmu na roƙi mai unguwa ya tsayar da mutane bayan la'asar a ƙofar masallaci. Na faɗi duk abin da na ji, har da cewa ni na kashe ukun. Wani ya ce Sani ya je Nijar kwana biyar ya dawo Bafaranshe. Aka yi dariya. Malam Bala, wanda tsohon malamin makaranta ne, ya ce maganar tana kan hanya, rigakafi ya fi magani. Kowa ya gyaɗa kai. Da aka zo batun cire katawut sai kowa ya fara kallon na kusa da shi. Mai walda ya ce shi a shirye yake, amma a fara da gidan Alhaji mai na'urar sanyaya ɗaki shida. Ɗan Alhajin ya ce a fara da masu injin markaɗe. Mai markaɗe ya ce shi da injin ɗaya yake ci da 'ya'ya tara. Aka tashi a kan za a kafa kwamiti.

Ni dai na yi abin da ke hannuna. Na nemo wayar fiyus ta gaskiya wurin wani tsohon ma'aikaci, na cire tawa na sa ta. Emeka kuma ya riƙa kashe injinsa ɗaya daga magariba zuwa isha, shi kaɗai a duk layin ya bi shawarar. Ranar farko ja ya tsinke sau biyu. Da ya tsinke sai ka ji ƙaf-ƙaf, kowa ya koma shuɗi, minti ashirin shuɗi ya bi shi, sannan rawaya. Ina sawa suna tsinkewa. Na bi gida-gida ina roƙo, wasu su ce to, ina fita in ji sun mayar. A kwana na biyar matan da ke sa mini albarka suka fara aiko yara su tambaya ko hannuna ne ya lalace. Wani ya ce 'yan wuta sun saye ni. Mun rubuta takardar neman taransfoma ta biyu, aka karɓa aka ce za a duba.

Zafin bana kun san shi, ba sai na faɗa ba. A kwana na goma sha ɗaya, wajen azahar, ina zaune a gindin akwatin fiyus ina jiran ya huce in sake sawa karo na huɗu, sai ga Emeka. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya tsuguna kusa da ni, ya buɗe leda ya nuna mini kifi ɗaya. Ya danna shi da yatsa, yatsan ya shige.

"Katan ɗari biyu ne a ciki, jiya aka sauke. Janareta ya buga tun shekaranjiya, mai gyara ya ce sai an kawo kaya daga Legas." Ya mayar da kifin cikin leda. "Sani, ɗaure."

"Emeka, tare muka tsaya a gaban tsohon nan."

"Na sani."

"Ka san abin da zai faru."

"Na sani. In ka ɗaure wataƙila ta kai damina. In ba ka ɗaure ba, ni gobe na gama. Kwana uku kawai, kafin in sayar da kayan, sai ka cire."

Na dube shi. Mutumin da ya ɗauki gawar mahaifina tare da mu har bakin maƙabarta. Na buɗe jaka na ɗauko tagullar, na murɗe uku, na ɗaura a ja, na ɗaura a rawaya, na ɗaura a shuɗi. Unguwa ta ɗauki ihu, yara suna ta murna an kawo wuta. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce Allah ya yi mini albarka, wai na dawo hayyacina.

Kifin ya tsira, ya sayar. Da kwana ukun suka cika na zo cirewa, na tarar da mutane sun fi ashirin a wurin, an sa wa akwatin sabon kwaɗo, makullin yana aljihun mai walda. Mai unguwa ya ja ni gefe ya ce in bar mutane su sha iska, in an yi ruwan farko sai a sake zama. Ban yi faɗa ba. Da wane bakin zan yi, ni da na ɗaura da hannuna?

Ranar Juma'a ta biyu da sa kwaɗon, muna fitowa daga masallaci, muka ji ƙara kamar an fasa taya. Kafin mu isa mai yana tsiyaya a ƙasa, hayaƙi baƙi yana tashi. Mutane suka kewaye ta suna salati, suna cewa ai dama tsohuwa aka kawo mana aka yi mata fenti. Na tsaya a baya ina kallon hayaƙin. A ofis aka ce akwai unguwanni da yawa a gabanmu, mu jira. Kafin sati ya zagayo wasu suka same ni a gida, wai in zo in ja musu waya daga taransfomar layin baya, kuma in taho da mai kaurin nan don kada ta riƙa tsinkewa. Na ce ba ni da lafiya. Sun sami wani ya ja musu.

Emeka ya yi wata biyu yana jira, ba don yana sa rai ba, sai don 'ya'yansa su gama zangon makaranta kafin ya kwashe su zuwa garin iyayensa. Ni na kwance masa wayoyin ɗakin sanyin, waɗanda ni na ɗaura su shekara goma sha huɗu da suka wuce. Wani daga Kaduna ya sayi injunan.

Na raka su tashar manyan motoci a Sabon Gari da rana tsaka. Matarsa da yara suka shiga, shi ya tsaya a ƙasa har aka fara kiran sunaye. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce, "Ni na ce ka ɗaure." Na ce hannuna ne ya ɗaura, tun kafin ya ce, shekara da shekaru. Bai musa ba, don ba ya ƙarya.

Ya sa ƙafa ɗaya a matakala, ya juyo. Na zaci zai ce in gaida gida.

"Sani," ya ce, "a can wa zan yi wa Hausa?"

Yaron mota ya buga ƙofa ya ce a shiga. Na tsaya a wurin har motar ta fita daga tasha.